Sharaɗin Sanin Japananci Kafin Shiga Makarantar Koyon Harshe a Japan: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda suka fi yawa a bakin masu shirin tafiya Japan domin karatun harshe na dogon zango, wato wanda ya wuce wata uku kuma yake buƙatar bizar ɗalibi. An keɓe bayanin ga sharaɗin harshe, don haka batun kuɗin makaranta da masauki ba zai shigo ba sai inda ya taɓa wannan sharaɗi.

Tunda koyon harshen zan je yi, me ya sa ake so in fara saninsa tun ina gida?

Dalilin ba daga makarantar ya taso ba, daga Hukumar Shige da Fice ta Japan ne, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Ɗalibi ba ya neman bizar karatu kai tsaye. Makarantar da ta karɓe shi ce take kai takardunsa ofishin shige da fice na yankinta domin a ba shi takardar cancantar zama, wadda aka fi sani da COE, kuma sai da ita a hannu zai nufi ofishin jakadanci a buga masa biza. Jami'in da ke duba takardun bai taɓa ganin mai nema ba, kuma abin da yake son tabbatarwa shi ne karatu ne zai kawo mutumin, ba neman aiki da rigar ɗalibi ba. Ɗaliban waje suna da damar yin aiki na awa 28 a mako idan sun samu izini, kuma an daɗe ana samun masu amfani da makarantun harshe a matsayin ƙofar shiga kasuwar ƙwadago. Wanda ya ɓata watanni yana koyon baƙaƙen Japananci tun kafin ya ga jirgi ya nuna alamar da baki kawai ba zai iya nunawa ba.

Akwai dalili na biyu da ya shafi ajin kansa. A yawancin makarantu malami da Japananci yake koyarwa tun ranar farko, saboda ajin ya haɗa 'yan Nepal da Biyetnam da Sin da Siri Lanka da sauransu, babu wani harshe da ya haɗa su sai wanda suka zo koya. Wanda ya shiga bai iya karanta komai ba, makon farko kaɗai ya isa a bar shi a baya.

Wane mataki ne ainihin ake nema?

Matakin ƙasa ne, kuma ana kiransa da sunaye uku da sukan rikita mutane alhali abu ɗaya suke nufi. Wasu makarantu za su ce N5, wato mataki mafi sauƙi na JLPT, jarrabawar gwada ƙwarewa a Japananci ga waɗanda ba harshensu na gida ba ne. Wasu za su ce A1, wanda shi ne matakin farko a ma'aunin harsuna da aka ɗauko daga Turai aka daidaita shi da koyar da Japananci. Wasu kuma za su ce karatun awa 150, domin an daɗe ana ɗaukar wannan adadi a matsayin kimanin lokacin aji da ke kai mutum wannan mataki.

A aikace, mai wannan mataki yana karanta hiragana da katakana, wato jerin baƙaƙen sauti biyu na Japananci, ba tare da in'ina ba, ya san kanji, wato baƙaƙen da aka aro daga rubutun Sin, kusan 100 da kalmomi kusan 800, yana iya gabatar da kansa, ya faɗi lokaci da farashi da ranakun mako, ya kuma gane gajeriyar magana idan an yi ta a hankali. Waɗannan alƙaluma kiyasi ne na masu koyarwa, domin tun da aka sake fasalin jarrabawar a 2010 masu shirya ta suka daina fitar da jerin kalmomi da kanji na kowane mataki.

Yaya jarrabawar JLPT take, kuma maki nawa ake ci da shi a N5?

An fara ta a 1984. A wajen Japan Gidauniyar Japan ce ke kula da ita tare da cibiyoyin kowace ƙasa, a cikin Japan kuwa wata ƙungiyar harkokin ilimi ce mai suna JEES. Matakanta biyar ne, daga N5 zuwa N1, kuma N1 ne mafi wuya. Ana yin ta ranar Lahadin farko ta Yuli da ta Disamba, amma birane da yawa na waje sau ɗaya kawai suke yi a shekara.

Takardar N5 kashi uku ce: kalmomi da baƙaƙe na minti 20, nahawu da karatu na minti 40, sai saurare na minti 30. Duk tambayoyin na zaɓi ne, babu rubuta jimla kuma babu magana. Jimillar maki 180 ne, ana cin jarrabawar da 80, sai dai da sharaɗin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun ga sakamako. Dole ne a samu aƙalla 38 cikin 120 a ɓangaren kalmomi da nahawu da karatu, da kuma aƙalla 19 cikin 60 a ɓangaren saurare. Wanda ya haddace littafi tsaf ya tara maki 95 a rubuce, amma kunnensa bai saba da muryar Bajapane ba ya samu 15 a saurare, ya faɗi, duk da jimillarsa ta haura 80 da nisa. Wannan shi ne ramin da ya fi cin masu karatu su kaɗai a ɗaki.

Takardar shaidar JLPT ba ta da wa'adin ƙarewa, ko da yake makaranta na iya tambayar abin da mutum ya yi da harshen idan shekaru sun ja tun da ya ci.

Idan ban samu rubuta JLPT ba, akwai wata jarrabawar da za ta tsaya a madadinta?

Akwai. Hukumar shige da fice tana da jerin jarrabawoyin da ta amince da su, daga ciki akwai mataki na 5 na NAT-TEST, da matakin F na J.TEST, da maki 300 ko fiye a BJT, da wasu irin su TOPJ da JPT da JLCT. Abin da ya sa ake son NAT-TEST da J.TEST shi ne sau shida ake yin kowace a shekara, kuma sakamakonsu ba ya daɗewa. Matsalarsu ga mai zaune a Kano ko Maraɗi ko Kumasi ita ce cibiyoyinsu kusan duk a Asiya suke, saboda can ne mafi yawan ɗaliban ke fitowa. Wanda ke karatu ko kasuwanci a Indiya ko Sin ko Malesiya zai iya cin moriyarsu, amma ga mafi yawan masu nema daga Afirka ta Yamma JLPT ce ke kusa.

Kafin a biya kuɗin kowace jarrabawa, musamman wadda aka ce ana yi ta intanet daga gida, a aika wa makarantar sunanta a tambaya ko za ta karɓa a zangon da ake nema, kuma a ajiye amsar a rubuce.

Mece ce takardar shaidar awa 150, kuma wa ke da ikon bayar da ita?

Takarda ce da cibiyar da mutum ya yi karatu a cikinta take rubutawa, ta shaida cewa ya halarci darasin Japananci na aƙalla awa 150. Ba wasiƙar yabo ba ce, kuma idan ta zo a taƙaice ba ta da amfani. Ana so ta ƙunshi sunan cibiyar da adireshinta da lambar wayar da ake ɗagawa, da ranar da aka fara karatu da ranar da aka gama, da yawan awoyi a mako, da jimillar awoyin da ɗalibin ya halarta a zahiri, da sunan littafin da aka yi amfani da shi da darasin da aka kai, sannan sa hannun shugaban cibiyar da hatiminta. Awoyin da aka riga aka yi ake ƙirgawa, ba waɗanda aka yi rajista za a yi nan gaba ba.

Lissafin yana da sauƙi, kuma jami'in shige da fice ma zai yi shi. Mai zuwa aji awa biyu kullum, kwana biyar a mako, zai cika awa 150 a mako 15. Mai zuwa Asabar da Lahadi kawai, awa biyu-biyu, sai ya shafe kusan wata tara. Takardar da ta ce an yi awa 150 cikin mako uku, alhali takardar wurin aikin mai ita ta nuna yana ofis daga safe zuwa yamma a wannan lokaci, ta tona kanta.

Karatun da mutum ya yi shi kaɗai da manhajar waya ko bidiyo ba shi da mai shaida, don haka ba ya shiga lissafi komai yawansa. Darasin intanet da malami na gaske, ƙarƙashin cibiya mai rajista da ke rubuta halarta, makarantu da dama suna karɓa, har wasu daga cikinsu su da kansu suke shirya irin wannan darasi ga waɗanda suka nemi gurbi a wurinsu.

Ra'ayin mai wannan rubutu shi ne kada kowa ya jingina da wannan takarda ita kaɗai. Darajarta ta ragu saboda yawan jabun da aka kama, kuma makarantu da yawa yanzu ba sa wadatuwa da ita sai sun ga sakamakon jarrabawa ko sun gwada mutum da baki. Ƙa'idojin hukumar ma ana sabunta su daga lokaci zuwa lokaci, kuma duk sabuntawar wajen tsanantawa take karkata. Sakamakon N5 shaida ce da ba ta buƙatar a kira kowa a waya domin a gaskata ta.

Ina da digiri na jami'a. Shin ni ma sharaɗin ya hau kaina?

A wurin hukumar shige da fice akwai sassauci ga wanda ya kammala babbar makaranta a ƙasarsa, domin takardar kammalawarsa kan tsaya a madadin shaidar harshe. Sai dai makaranta tana da ikon sanya nata sharaɗin sama da na hukuma, kuma da yawa suna yin haka, musamman ga masu fitowa daga ƙasashen da ake tsananta binciken takardunsu. Makarantar da ɗalibanta suka riƙa ɓacewa ko zarce wa'adin zama tana rasa matsayinta na amintacciya a wurin hukuma, abin da ke jawo wa duk ɗalibanta ƙarin takardu da gajeren izinin zama, saboda haka ba ta wasa da wanda za ta ɗauka.

Akwai kuma batun shekaru. Wanda ya bar makaranta fiye da shekara biyar ana neman ya yi cikakken bayanin dalilin da ya sa yake son Japananci yanzu da abin da zai yi da shi bayan ya gama. Ga irin wannan mutum sakamakon N5, ko ma N4, yana ƙarfafa bayaninsa fiye da kowace jimla mai daɗi da zai rubuta.

A ina zan rubuta JLPT, kuma yaushe ya kamata in rubuta domin kada zango ya wuce ni?

Shafin JLPT na intanet yana da jerin biranen da ake yin ta da watan da kowanne ke yi da sunan cibiyar da ke karɓar rajista, kuma jerin yana canzawa, don haka shi za a duba a shekarar da ake nema. Daga cikin biranen Afirka da aka saba yin ta akwai Akara da Kwatano da Abijan da Nairobi da Alƙahira. Rajista kan rufe wata biyu zuwa uku kafin ranar jarrabawa, kuma idan ta rufe ta rufe.

Lokaci shi ne abin da ya fi ba mutane wuya a cikin wannan lamari duka, fiye da nahawu da kanji. Makarantun harshe suna ɗaukar ɗalibai a Afrilu da Oktoba, wasu kuma har da Yuli da Janairu, kuma suna rufe karɓar takardu kimanin wata biyar zuwa shida kafin zango ya fara. Mai son shiga a Afrilu sai ya kammala takardunsa wajen Oktoba ko Nuwamba na shekarar da ta gabata. Jarrabawar Disamba ba za ta taimake shi ba, domin sakamakonta sai ƙarshen Janairu yake fitowa a intanet, takardar shaidar kuma ta fi haka jinkiri. Ta Yuli, wadda sakamakonta ke fitowa a ƙarshen Agusta, ita ce tasa. Mai son shiga a Oktoba kuwa, wanda zai miƙa takardu wajen Afrilu ko Mayu, jarrabawar Disamba ce ta dace da shi.

Abin da wannan ke nufi ga wanda cibiyar da ke kusa da shi Disamba kawai take yi shi ne ya fara karatu tun kafin damina, ya yi rajista wajen Agusta ko Satumba, ya rubuta a Disamba, ya ga sakamako a Janairu, ya miƙa takardu, sannan ya shiga aji a Japan a Oktoba. Daga ranar da ya fara koyon baƙin farko zuwa ranar da zai sauka a Tokyo ko Osaka kusan shekara ɗaya da rabi ke nan. Duk wanda ya yi maka alkawarin wata uku, tambaye shi ta ina.

Bayan COE ta fito wa'adinta wata uku ne, a cikinsu za a nemi biza a kuma shiga ƙasar. 'Yan Najeriya ofishin jakadancin Japan da ke Abuja ne nasu, 'yan Gana na Akara, 'yan Kamaru na Yawunde. Japan ba ta da ofishin jakadanci a Yamai, na Abijan ne ke kula da Nijar, kamar yadda na Yawunde ke kula da Cadi, don haka 'yan waɗannan ƙasashe su saka wannan tafiya a lissafinsu.

Za a yi mini hira da Japananci?

Mai yiwuwa ne ƙwarai, kuma ta fuska fiye da ɗaya. Makaranta kan yi hira ta bidiyo kafin ta amince ta kai takardun mutum hukuma. Tambayoyin ba su da zurfi: suna, shekaru, ranar haihuwa, garin da ake zaune, mutum nawa ne a gida, wane littafi ake karantawa kuma an kai darasi na nawa, ƙarfe nawa yanzu, me ya sa ake son zuwa Japan. Malamin na iya ɗaga kati mai hiragana ko katakana ya ce a karanta. Jami'an shige da fice ma wani lokaci sukan kira lambar mai nema ko ta wanda ya ɗauki nauyinsa ko ta cibiyar da ta ba shi takarda, sannan ofishin jakadanci yana da damar yin nasa tambayoyin.

Masu hirar sun saba da wanda ya haddace gabatarwa mai tsawo yana zubo ta kamar karatun allo, don haka sukan katse shi da tambayar da bai shirya mata ba. Gajeriyar amsa da ta dace da tambaya ta fi doguwa da ba ta dace ba, kuma wanda bai ji ba ya ce "mou ichido onegai shimasu", wato a maimaita masa, ya nuna ya iya wani abu. Kada a sa wani ya zauna a gefe yana raɗa amsa, domin idon mai hira yana kan idon ɗalibi.

Shin Japananci yana da wuya ga Bahaushe?

Ta fuskar furuci Bahaushe ya shigo da jari. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, kuma suna da dogo da gajere kamar namu. Yadda muke bambanta gari na zama da garin tuwo da jan wasali, haka Bajapane ke bambanta obasan, wato gwaggo ko inna, da obaasan, wato kaka. Shadda ma tana canza ma'ana a wurinsu kamar yadda baba ya bambanta da babba: kite na nufin zo, kitte kuwa kan sarki ne na wasiƙa. Har karin sauti suna da shi, domin ame na iya zama ruwan sama ko alewa gwargwadon inda murya ta hau, abin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san kukan jariri ba kukar miya ba ne. Waɗannan abubuwa uku su ne ke wahalar da masu Ingilishi da Faransanci shekara da shekaru, mu kuwa kunnenmu ya riga ya san su. Abin lura ɗaya shi ne tsu ɗinsu ba ta da ƙarfin tsa ɗinmu ta tsuntsu, a sassauce ake fitar da ita.

Wuyar tana wurare biyu. Na farko ginin jimla, domin aikatau a ƙarshe yake zuwa, kuma ƙananan kalmomin da ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa da inda aka yi suna bin bayan suna ne maimakon su gabace shi. Inda za mu ce na sha ruwa a gida, su za su jera ni, gida, ruwa, sha. Na biyu rubutu. Hiragana baƙi 46 ne, katakana ma 46, kuma mai himma yana iya riƙe su cikin mako biyu zuwa uku. Kanji ne doguwar tafiya, domin jerin da gwamnati ta tsara na amfanin yau da kullum ya kai 2,136, kuma sau da yawa baƙi ɗaya yana da karatu biyu ko fiye. Sa'ar ita ce N5 ɗari kawai take nema, mafi yawansu lambobi da ranaku da kalmomi irin su mutum, ruwa, wuta da dutse.

Da wane littafi zan shirya?

Makarantun Japan da yawa da Minna no Nihongo suke koyarwa, wanda matakinsa na farko darasi 50 ne a littafi biyu, kuma darasi 25 na littafin farko sun rufe kusan duk abin da N5 ke tambaya. Amfanin farawa da shi shi ne idan mai hira ya tambayi inda aka kai aka ce darasi na 20, nan take ya san abin da zai gwada. Babban littafin da Japananci zalla yake, bayanin nahawu kuma a wani littafi daban da ake samu da Ingilishi da Faransanci da wasu harsuna. Genki ya fi sauƙi ga mai karatu shi kaɗai da ya iya Ingilishi. Gidauniyar Japan kuma tana da Irodori, wanda ake saukewa kyauta tare da sautinsa, da dandalin Minato mai darussan Marugoto a intanet.

Ko wanne aka zaɓa, a daina rubuta Japananci da baƙaƙen boko tun makon farko, domin babu su a takardar jarrabawa, kuma a riƙa sauraron sautin kowane darasi kullum saboda makin nan 19.

Wani dillali ya ce zai samo mini takardar awa 150 ba tare da na shiga aji ba. Mene ne haɗarin?

Haɗarin ya wuce asarar kuɗi. Idan aka gano takardar bogi ce za a ƙi ba da COE, kuma tarihin neman yana nan a ajiye a wurin hukuma. Fom ɗin neman yana tambayar ko an taɓa nema a baya da sau nawa aka ƙi, don haka duk makarantar da aka nufa daga baya sai ta ji labarin, kuma da yawa ba za su taɓa takardun ba. Idan kuma takardar ta wuce mutum ya shiga ƙasar, dokar shige da fice ta ba da damar soke izinin zaman da aka samu da ƙarya. Ba a ma cika zuwa can ba, domin minti biyu na hira sun isa su nuna wanda bai taɓa buɗe littafi ba. Kuɗin da dillalin zai karɓa sau da yawa ya isa biyan malami na gaske.

Na faɗi jarrabawar, ko kuma an ƙi ba ni COE. Shi ke nan?

Faɗuwa a JLPT ba ta da wani tabo, kuma ana sake rubutawa sau nawa aka ga dama. Abin da aka yi asara lokaci ne, wata shida ko shekara guda. Wasu makarantu kan yarda su ɗage neman zuwa zango na gaba.

Ƙin ba da COE ya fi nauyi. Hukumar tana sanar da makaranta dalilin a taƙaice, kuma ɗalibi yana da haƙƙin ya tambayi makarantar abin da aka ce. Idan raunin harshe ne, maganinsa a bayyane yake: a dawo da sakamakon jarrabawa, kuma gara N4, wadda ake ci da maki 90 cikin 180, domin ta nuna an yi amfani da lokacin jira. Idan kuwa dalilin saɓani ne tsakanin takardu, to sai an warware shi da hujja, domin sabon nema ana ɗora shi ne a kan tsohon a gwada.

Akwai hanyar zuwa ba tare da wannan sharaɗi ba?

Gajeren kwas da bai wuce kwana 90 ba ana yin sa da bizar ziyara, ba ya buƙatar COE, kuma makarantu da yawa suna karɓar sabon shiga a cikinsa, ko da yake sukan so ya zo da hiragana. Mai wannan biza ba shi da izinin aiki ko na awa ɗaya, kuma awoyin da ya yi a can makarantar za ta iya rubuta masa shaidarsu idan ya dawo gida yana neman dogon zango. Tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadanci, hanya ce daban da nata jarrabawoyin, kuma yana haɗawa da karatun share fage na harshe bayan an isa, shekara ɗaya ga masu digirin farko, wata shida ga ɗaliban bincike da ke buƙata.

Idan na samu N5 na isa Japan, daga ina za a fara da ni?

A kwanakin farko makaranta za ta yi jarrabawar tantance aji, kuma ita ce ke yanke hukunci, ba takardar da aka zo da ita ba. Mai N5 da ya ajiye littafi tun ranar da ya ga sakamako, wata takwas ko tara kafin tafiya, yakan tsinci kansa a ajin farko tare da masu fara a, i, u.

Wannan yana da tsada, domin zaman ɗalibi a makarantar harshe ba ya wuce shekara biyu gaba ɗaya. Mai shiga a Afrilu ne ke samun shekara biyun cur, na Yuli shekara da wata tara, na Oktoba shekara da rabi, na Janairu shekara da wata uku, saboda duk a Maris ake kammalawa. Darasin kusan rabin yini ne, kwana biyar a mako, a aji da ba ya wuce mutum 20. Wanda ke son wucewa kwalejin sana'a ko jami'a da ake koyarwa da Japananci ana neman ya kai N2 ko N1, kuma jami'o'i da yawa suna neman sakamakon EJU, jarrabawar shiga jami'a ta ɗaliban waje, wadda ake yi a Yuni da Nuwamba. Ɗalibin da ya shiga a Oktoba daga ajin farko, wata goma sha uku kacal ke tsakaninsa da EJU ta ƙarshe da za ta yi masa amfani, kuma ga wanda bai taso da kanji ba wannan tazara ce mai ƙunci. Wanda ya sauka da N4 ya tsallake watannin farko na manhajar, ya kuma fi samun aikin wucin gadi da ake magana da mutane a cikinsa maimakon na ɗaukar kaya cikin dare, wanda ke sa gyangyaɗi a aji ya kuma ɓata lissafin halartar da ake dubawa lokacin sabunta izinin zama.

Ana neman shaidar Ingilishi ko Faransanci?

Makarantun harshe ba sa neman irin wannan shaida. Abin da ake nema shi ne kowace takarda da ba da Japananci aka rubuta ta ba, ta makaranta ce ko ta banki ko ta haihuwa, a haɗa ta da fassarar Japananci. Wasu makarantu suna yin fassarar da kansu idan takardar da Ingilishi take, wasu suna cajin kuɗi, takardun Faransanci ko Larabci kuwa sau da yawa sai ɗalibi ya nemi mai fassara. A tabbata rubutun suna da ranar haihuwa a takardar JLPT sun yi daidai da na fasfo harafi da harafi, domin Muhammad a wata takarda da Mohammed a wata ya isa a dawo da fayil ɗin a nemi bayani.